Keken da Kyaftin Ya Aro

"Kyaftin, don Allah ka mayar da keken nan inda ka aro shi!"

Muryar Valdir ce ta cika kicin ɗin. Odete tana zaune kusa da taga, riƙe da kofin shayin da ya daɗe da hucewa, tana kallon maza biyun da ta fi ƙauna a duniya sun yi cirko-cirko, ga keken marasa lafiya a tsakaninsu.

Mahaifinta, Kyaftin Anibal, ya dafa keken da hannuwansa biyu kamar za a ƙwace masa.

"A gidana kake ba ni umarni? Kai da na koya wa ɗaurin igiya a jirgina?"

"Ba umarni ba ne, roƙo nake. Odete da ƙafarta take tafiya. Me zai sa gobe a tura ta kamar buhun dankali?"

"Buhun dankali! Zulmira, kin ji sunan da ya raɗa wa 'yata?"

Gwaggo Zulmira, yayar Kyaftin, wadda ta riƙe gidan tun rasuwar mahaifiyar Odete, ko juyowa ba ta yi ba daga kan tukunyar miyar ganye.

"Na ji. Ku biyun nan kanku ɗaya da na kifi, baki a buɗe, ciki fanko. Ku rage murya, yarinya na jinku."

Yarinyar kuwa ta haura shekara talatin. Bara warhaka tari ya kama ta ya ƙi saki, aka yi ta magani, daga ƙarshe hoto ya nuna ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yi nisa. Ita da ko warin taba ba ta so! Maganin farko ya yi aiki har ta koma gidan burodin Gwaggo, sai ya daina. Na biyu ma haka. Yanzu likitanta na nan New Bedford ya tura sunanta wani babban asibiti a Boston, inda ake gwajin wani sabon magani. Ba kowa ake ɗauka ba, gurbin kaɗan ne. Gobe wata likita za ta gan ta, ta ce e ko a'a.

Kyaftin ya jawo kujera ya zauna da ƙyar, yana dafe da ƙugu.

"Zauna, yaro, in gaya maka abin da ba ka sani ba. Ka san yadda bayan nan nawa ya lalace, wayar jan raga ce ta tsinke ta make ni. Kamfani ya tura ni wurin likitansa. Ya ce, yaya jiki? Ni kuma namiji, na miƙe ƙyam, na ce da sauƙi. Shi ke nan! Ya rubuta lafiyata ƙalau, ban ga ko sisin diyya ba sai ciwon da nake fama da shi har yau. Abokin aikina Chico kuwa, da targaɗe kawai ya yi, matarsa ce ta shiga da shi yana nishi kamar mai naƙuda. Har yanzu yana cin moriyar targaɗen nan!"

"Wannan daban, Kyaftin..."

"Ina bambancin? Duk wanda ya taɓa aikin ruwa a garin nan ya sani. Likitan da zai yi maka magani daban, likitan da zai zaɓe ka daban. Na farko ka gaya masa gaskiya. Na biyu ka nuna masa ranarka mafi muni. Mutane sun yi layi, gurbi kaɗan, wa za su ba? Wadda ta shigo tana dariya? Ko a ɗakin gaggawa wa ake fara dubawa, mai jini ko mai murmushi?"

Valdir ya sosa ƙeya. Makanikin injin jirgi ne, ba mai yawan magana ba, kuma ba ya iya faɗin abin da bai tabbatar ba.

"Na karanta wani abu a waya... kamar dai sun fi son mai ƙarfi. Ban gane turancin sosai ba..."

"Kamar! Da kamar za ka ceci ran 'yata?"

Valdir ya juyo ya dube ta. "Odete, ke me kika ce? Jikinki ne fa."

Kyaftin ma ya zuba mata ido.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Maganar Baba tana da ma'ana. Ta Valdir ma tana da ita. In ta bi ɗaya ta yi kuskure, ba wai riga ba ce da za a mayar kanti a canjo.

"Ni... ban sani ba," ta ce a hankali. "Baba ya fi mu daɗewa da likitoci."

"Ka ji ko?" Kyaftin ya buga teburi. "Kuma gobe ba da kai za mu ba. Wannan fuskar taka da ba ta iya rufa asiri, kana shiga za ka ɓata mana shiri."

Valdir ya ɗauki hularsa ya fita. Odete ta bi shi har bakin ƙofa, Gwaggo na yi mata ihun ta saka rigar sanyi.

"Kada ka yi fushi, masoyina..."

"Ba fushi nake ba, tsoro nake ji." Ya rage murya. "Jiya fa ke kika fente rabin bangon ɗakinmu. Gobe kuma ki ce ba kya iya ɗaga cokali?"

"Shhh! So kake ya ji?"

Wannan shi ne sirrinsu. Tun da ciwon ya dawo, Kyaftin ya ɗage bikinsu, ya ce sai ta warke. Ya hana ta aiki, ya hana ta ko wanke kofi. Amma kullum da rana, idan ya tafi kulob ɗin tsofaffin ma'aikatan jirgi buga karta, Gwaggo kuma tana gidan burodi, sai Odete ta sulale. Valdir ya kama musu gida a hawa na uku a wani tsohon bene, can take zuwa su yi fenti, su yi gardamar launin labule, ta dawo ta kwanta kafin Baba ya shigo.

"Idan ni ce na yi kuskure fa?" ta tambaye shi.

"Idan kuma ni ne? Ban sani ba, zuciyata. Na rantse ban sani ba."

Ya sumbaci goshinta ya tafi.

Da safe Odete ta shafa jan baki kamar yadda ta saba in za ta Boston. Gwaggo ta zo da tsumma ta goge shi tas.

"Biki za ki? Ungo wannan mayafin toka-tokan. Kuma ki bar gashin nan haka, kada ki taje."

A mota kuwa Kyaftin bai bar kunnenta ya huta ba.

"In ta ce kina girki, me za ki ce?"

"A'a."

"Wanka fa?"

"Baba, ni nake wankana..."

"Gwaggonki ke yi miki! Ki faɗa in ji."

"Gwaggo ke yi mini."

"Yauwa, 'yar albarka. Ki riƙa magana ƙasa-ƙasa. In ta yi miki tambaya mai wuya, ki yi tari, ni zan amsa."

Tana zaune a keken yana tura ta cikin dogayen hanyoyin asibitin, mutane suna kauce musu da fuskar tausayi, sai ta ji da gaske jikinta ya fara mutuwa. Wayarta ta yi motsi a aljihu. Valdir ne: "Na biyo bas. Ina ƙasa wurin mai kofi. Ba zan hau ba." Ta yi sauri ta mayar da wayar.

Likita Brennan mace ce siririya mai furfura. Ta jawo 'yar kujera ta zauna daidai fuskar Odete, ta gaishe ta da fara'a, ta ce ta duba hotunanta da sakamakon jininta, kuma irin ciwon nata shi ne ainihin wanda aka yi maganin dominsa.

Kyaftin ya taɓa kafaɗar 'yarsa a ɓoye, wato mun kusa.

"Saura in san yadda kike wuni," in ji likita. "Ki ba ni labarin jiya, tun daga tashinki."

Odete ta buɗe baki, ta tuna, sai ta yi tari.

"A kwance take wuni, likita," Kyaftin ya karɓe. "Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado."

"Haka ne, Odete?"

Ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

"Kina iya dafa wa kanki ko shayi?"

"Ina! Ko kofi ba ta ɗagawa."

"Wanka da saka kaya?"

"Gwaggo... ke yi mini," Odete ta ce, muryarta kamar ba tata ba.

Fara'ar likita ta fara gushewa. Ta dubi takardun da ke hannunta, ta dubi keken.

"Likitanki ya rubuta mini cewa kina kan ƙafarki. Yaushe abin ya sauya haka?"

"Kwanan nan ne," in ji Kyaftin. "Kullum ƙara baya take."

Likita ta sake duban takardun. Sannan ta ajiye biro, ta kamo hannun Odete.

"Ki yi haƙuri. A yadda kike ɗin nan, ba na jin zan iya saka ki."

Kyaftin ya zabura. A tunaninsa bai faɗi abin da ya isa ba, akwai waɗanda suka fi 'yarsa jin jiki a layin.

"Likita, tsaya! Ban gama ba! Har suma take yi! Ranar Lahadi ma ta yanke jiki ta faɗi a kicin, sai da muka yayyafa mata ruwa!"

"Baba!"

"Yi shiru, 'yata. Likita, na rantse miki babu wanda ya fi ta buƙata a cikin mutanen nan. Ki duba ta da kyau!"

Likita ta sake ɗaukar biro, fuskarta ta canja gaba ɗaya.

"Suma? Sau nawa? Ta yi jijjiga? Ta san inda take da ta farfaɗo?"

Kyaftin ya fara kame-kame. Likita ta rubuta abin da ta rubuta, sannan ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ina jin akwai abin da ba a yi muku bayani ba. Maganin nan sabo ne, kuma yana da ƙarfi, ba mu gama sanin duk abin da yake yi wa jiki ba. Don haka ƙa'idar gwajin ita ce, sai wanda yake tashi ya yi hidimar kansa, yana 'yan aikace-aikace, yana wuni a tsaye. Wanda ciwo ya kwantar, maganin zai iya yi masa illa fiye da amfani. Ba ni na tsara ba, amma ba zan iya tsallake ta ba."



"Ban gane ba," in ji Kyaftin. "Kina nufin... ba wanda ya fi jin jiki kuke nema ba?"

"A'a."

"Mai ƙarfi kuke nema?"

"Wanda zai iya jure maganin."

"To mai ƙarfi me zai yi da magani?" Ya dubi Odete, ya dubi likita, ya dubi keken da ya aro.  "Tsaya... tsaya, likita. Goge abin da kika rubuta. Ƙarya nake! Duk ƙarya ce! Yarinyar nan ƙarfi gare ta kamar doki! Odete, gaya mata!"

Likita ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Na sha jin haka. Kusan duk uban da na ce wa a'a, nan take yake cewa ɗansa lafiyarsa ƙalau. Ba na ganin laifinku. Amma wanne zan ɗauka, na ɗazu ko na yanzu?"

"Na yanzu!"

"Me ya sa?"

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Gaskiyar ita ce shi kansa bai sani ba. Watanni ke nan bai bar ta ta ɗaga ko tsintsiya ba, a kwance yake barin ta, a kwance yake tarar da ita. Ya san ya yi ƙari, amma bai san iya inda ƙarin ya tsaya ba.

Odete ta ga mahaifinta, mutumin da guguwar teku ba ta taɓa sa shi kuka ba, yana lalube kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Ta cire mayafin toka-tokan, ta dafa keken, ta miƙe tsaye.

"Likita, jiya ba a gado na wuni ba."

"Odete, zauna kada ki faɗi!"

"Baba, ka yafe mini... Kullum in ka tafi kulob fita nake. Valdir ya kama mana gida, hawa na uku. Da ƙafata nake hawa. Shekaranjiya na fente rabin bango, jiya na wanke tagogi. Ni nake wankana, kai ma ka sani. Ban taɓa suma ba a rayuwata."

Kyaftin ya yi baya kamar an mare shi.

"Hawa na uku? Ke? Ina can ina roƙon Allah ya bar mini ke, ke kuma kina can kina... fenti?"

"In na kwanta, Baba, ji nake kamar an riga an binne ni."

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Da alama ita ma kanta ya ɗaure.

"Wane ne Valdir?"

"Wanda zan aura. Yana ƙasa."

"Yana ina?" in ji Kyaftin.

"Wurin mai kofi. Bas ya biyo."

Ta ɗauka zai fashe da faɗa. Sai kawai ya juya ya fita da sauri, yana ɗingisa ƙugunsa. Ba a daɗe ba ya dawo riƙe da hannun rigar Valdir, yana jan sa kamar ya kamo ɓarawo.

"Ga shi nan! Wannan ba ya iya ƙarya, ko an biya shi. Kai, faɗa mata komai!"

Valdir ya dubi Odete a tsorace. "Komai?"

"Komai, masoyina. Ya riga ya ji."

Ya faɗa, yana in'ina. Ya ciro waya ya nuna hoton Odete a kan tsani, ɗankwali a kai, fenti shuɗi a kumatu, tana yi masa gwalo. Likita ta kasa riƙe dariya. Kyaftin ya leƙa, ya kau da kai da sauri.

Aka maƙala wa Odete ɗan abin auna iska a yatsa, wata nas ta bi ta suna kai da komo a doguwar barandar sashen. Ta yi ta tafiya, numfashinta na ɗan sama-sama amma ƙafarta daram. Kyaftin yana biye da ita a baya, hannuwansa a buɗe, wai ko za ta faɗi.

Da suka koma ɗaki likita ta ce, "Na yarda tana da ƙarfin da ake nema."

Kyaftin ya ɗaga hannu sama zai yi godiya.

"Amma akwai maganar suma."

"Na ce miki ƙarya ce!"

"Na ji, kuma ina jin gaskiya kake faɗa yanzu. Sai dai kunnena ya ji, ba zan yi kamar ban ji ba. Mai irin wannan ciwo in aka ce ya suma, dole in tabbatar ba kai ciwon ya taɓa ba, ba kuma zuciya ba ce. Idan na ƙyale, ya zamana akwai wani abu, ni na cuce ta. Za a yi mata hoton kai da gwaje-gwajen zuciya, likitan zuciya ya sa hannu, sannan mu ci gaba."

"Gurbin fa?" Odete ta tambaya.

Likita ba ta ɓoye ba. "Ba a hannuna kaɗai yake ba. Asibitoci da yawa ne muke cike rukuni ɗaya. Wanda ya fara kammalawa shi ke shiga. Zan yi iya ƙoƙarina a hanzarta."

Suka kama hanyar dawowa. Valdir ne ya tuƙa. Kyaftin na gefe yana kallon titi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya rikice. Kyaftin ya rasa yadda zai yi da 'yarsa. In ta tashi za ta wanke kwano sai ya ce ta zauna, in ta zauna sai ya tuna ya ce ta tashi ta zagaya. Gwaggo Zulmira ta gaji.

"Anibal, yarinyar nan ba fitila ba ce da za ka riƙa kunnawa kana kashewa! Ka zaɓi ɗaya!"

"To wanne ne daidai? Ku gaya mini! Hutu ne magani ko wahala?"



Aka yi hoton kai, babu komai. Aka yi na zuciya, lafiya lau. Odete ta fara barin kanta ta yi fata.

Wata safiya tana yanka burodi mai zaƙi wayarta ta yi ƙara. Likita Brennan ce da kanta. Tun daga gaisuwar Odete ta gane.

"An cike rukunin jiya da yamma, daga wani asibiti. Takardar likitan zuciya yau da safe ta iso mini. Ki yi haƙuri, Odete... na yi ta kira, ban samu an jira ba."

Wuƙar ta suɓuce daga hannunta.

"Shi ke nan?"

"Ba shi ke nan ba. Ana sa ran buɗe wani rukunin wajen kaka, ban da tabbacin rana. Sunanki ne farko a wurina. Kafin nan likitanki zai riƙe ki da abin da ba zai hana ki shiga ba. Amma ki ji ni da kyau. Sai in ciwon bai yi gaba da yawa ba, kuma sai in kin zo mini a kan ƙafarki. Ki ci abinci, ki yi tafiya, ki yi rayuwarki."

Kyaftin yana tsaye a bakin ƙofar kicin, ya ji komai.  Ya ɗauki hularsa ya fita.

Azahar ta yi bai dawo ba, kulob ma aka ce bai je ba. Odete ta kira Valdir suka tafi bakin ruwa. Can suka same shi a ƙarshen gadar da ake ɗaure jiragen ruwa, zaune a kan tarin raga, tsuntsayen teku na ta kuka a kansa.

"Baba..."

Bai ɗago ba.

"Da bakina, Odete. Da wannan bakin nawa. Wani ne ya aike ni? An ba ki, na sa hannu na ture."

"Ni ma ai na gyaɗa kai, Baba."

"Don na ce ki gyaɗa!" Ya fashe da kuka, kafaɗunsa na girgiza. "Na yi wa mahaifiyarki alkawari zan kula da ke. Ban san wata kulawa ba sai wannan. In ɗauke ki, in rufe ki, in hana iska taɓa ki. Yanzu an ce wannan ɗin ne laifi. To me zan yi? Ku gaya mini, don ni kaina ya kulle!"

Ta durƙusa ta rungume shi, ita ma tana hawaye.

"Ka bar ni in rayu, Baba. Ko kwana nawa ne."

"Kada ki ce ko kwana nawa ne!"

"To na fasa."

Ya share fuska da hularsa, ya ɗago ya dubi Valdir da ke tsaye nesa kaɗan yana murza yatsu.

"Kai, makaniki. Matso."

"Na'am, Kyaftin."

"Ka san ba lallai ta warke ba?"

"Na sani."

"Ka san likitar ta ce in ta shiga gwajin nan babu maganar haihuwa, sai abin da Allah ya yi?"

"Da ni aka yi bayanin."

"To me kake so da ita?"

Valdir ya dubi hannuwansa, kamar mai neman kalmar da ta dace a cikin akwatin kayan aiki.

"Ita nake so, Kyaftin. Ban iya faɗinsa da kyau ba."

Kyaftin ya ja dogon numfashi.

"A hannuna kwanciya take. A hannunka kuwa har tsani take hawa, marar kunya. Ni ba zan iya ba, in na ga tana haki zuciyata tsinkewa take. Kai ka iya. Je ka coci ka ga Fada yau, ka ce ina so a ɗaura kafin wata ya ƙare."

"Baba! Kai da ka ce sai na warke?"

"Na faɗi abubuwa da yawa, 'yata. Kin ga inda suka kai mu."

Ranar bikin cocin ya cika da mutanen bakin ruwa, tsofaffin ma'aikatan jirgi sun matse cikin kwat ɗin da suka yi musu kaɗan. Gwaggo Zulmira tun asuba take kuka tana soya, tana soya tana kuka. Babu wanda ya san abin da kaka za ta zo da shi, kuma ranar babu wanda ya tambaya.

Odete ta tsaya a bakin ƙofar coci cikin farar riga, ta ɗan rame, amma idonta na haske. Can gaba Valdir yana tsaye kusa da Fada, gumi na tsatstsafo masa. Tsakaninsu doguwar hanya ce a tsakiyar kujeru.

Kiɗa ya tashi. Kyaftin ya saƙalo hannunta, suka fara takawa. Ba su yi nisa ba ta ji ya ƙanƙame ta, ya tallafo gwiwar hannunta yana ɗaga ta sama, har takalminta na neman barin ƙasa.

"Baba," ta raɗa masa, tana murmushi don kada jama'a su gane, "ɗauka ta kake yi."

"Hanyar da tsawo, 'yata... kina haki."

"Na sani. Sassauta."

Ya dube ta, idonsa cike da ruwa. Da farko yatsunsa suka ƙi. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka saki, har ya zamana hannunta ne kawai a ɗore kan nasa.

"In kin ji jiri ki gaya mini," ya ce da dasasshiyar murya.

"In na ji, zan gaya maka gaskiya."

Ta ɗaga kai, ta ja numfashi iya inda huhunta ya yarda, ta taka zuwa wurin mijinta.